Liyarin Cibiya

A Birnin Kudu ba kowa ne ya san sunansa Edward ba. Baba Akawu ake ce masa, tun zamanin da yake zama bayan kantar gidan waya yana sayar da kan sarki, yana rubuta wa mutanen ƙauye adireshi a bayan ambulan. Mutumin ƙasar Kagoro ne. A makarantar mishan ya yi karatu, inda aka koya masa Hausar littafi, da rubutu mai tsabta, da isa wuri kafin lokaci. An turo shi garin ana gab da canjin kuɗi, lokacin da fam da sule suka ba naira da kwabo wuri. Ya sauka a tasha da akwatin ƙarfe guda da amaryarsa Martina, da niyyar in sun ɗan jima su nemi a mayar da su kusa da gida. Ba su koma ba. Martina a garin aka binne ta. Shi kuwa har yau yana nan a ɗan gidan da suka gina, kai ya yi fari fat, kullum cikin riga mai guga ko da ba inda za shi.

Bayan aikin waya, abin da aka fi saninsa da shi tsofaffin kuɗin azurfa ne. Yana da wani akwatin katako mai hawa-hawa da kafinta ya yi masa, kowane hawa an shimfiɗa masa baƙin yadi, kowane kuɗi da gurbinsa. Akwai sulalla masu hoton itacen kwakwa, na farkon zamanin Turawa, waɗanda azurfa ce ta gaske, ba irin masu ruwan ɗorawar nan da suka biyo bayansu ba. Akwai fataka, akwai sisi da taro, sirara kamar farce. Akwai kuma liyari, manyan kuɗin nan masu faɗi da fatake da alhazan dā suke shigowa da su ta gabas, gefe ɗaya hoton wata mace mai jiki da lulluɓi, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu.

A hawan ƙasa, a gurbi shi kaɗai, naɗe cikin wani shuɗin tsumma, akwai wani liyari da bai kama ƙafar sauran a kyau ba. Fuskar matar ta goge har sai an karkata shi a rana ake ganin inuwarta. An huda shi gefe biyu. Shi ne abin da Baba Akawu ya fi so a gidan nan duka, kuma ba nasa ba ne.

Ga yadda aka yi ya zo hannunsa.

Ba su daɗe da zuwa ba Martina ta haifi ɗa namiji, suka sa masa suna Isaac. Wadda ta karɓi haihuwar maƙwabciyarsu ce, Inna Hajjo, ungozomar unguwa, 'yar asalin Maruta ta ƙasar Gwaram da aure ya kawo ta Birnin Kudu. Gajeriyar mace ce mai faɗa da ban dariya. Ranar da ta fara shiga gidan ba ta tambayi Martina addininta ba, ta dai tambaye ta ko tana da babbar tukunyar dafa ruwan wanka. Bakinta bai iya Isaac ba, sai ta ce Isiyaku, unguwa duka ta bi ta.

Yaron ya yi 'yan watanni sai cibiyarsa ta turo waje, in ya yi kuka ta kumbura kamar ƙwan zabo. Wata Asabar da hantsi Edward yana goge kekensa a tsakar gida, Hajjo ta yi sallama ta shigo, ta ɗauki yaron ta ɗaga masa riga.

"Akawu, ɗan nan naka cibiyarsa ta fi hancinsa tsawo. Haka za ka bar shi ya girma, cibiya ta riƙa riga shi shiga ɗaki?"

Martina ta tuntsire da dariya. Edward ya ajiye tsumman goge keke, ya ce cikin ladabi, "Inna, a makaranta an koya mana irin wannan da kanta take komawa. Ba ta bukatar komai."

"To, madalla. Ta koma da kanta, liyarina ya raka ta. Ko malaman naku sun hana rakiya?"

Ta kwance haɓar zaninta ta fito da shi. Duk matan unguwa sun san shi, liyarin cibiya suke ce masa. Hajjo ta gaje shi wurin uwarta, uwar ta gada wurin tata, an ce wani kakansu ne ya zo da shi daga hanyar Makka zamanin da ake zuwa a ƙasa. Ba a sayar da shi, ba a biyan komai don an ara. A kifa shi a kan cibiyar jariri, a zura tsumma ta hujojin nan biyu a ɗaure a baya. In cibiya ta koma a mayar wa Hajjo, ta wanke ta kai wani gida. Cikin jarirai ne ya cinye fuskar matar, don kullum ita ake kifawa a kan fata.

Edward ya karɓa. Da yake ya saba da gwada kuɗi a kan kantar gidan waya, sai ya sake shi a kan dutsen niƙa. Azurfa ta gaske ƙara gare ta mai tsawo, tana tashi ta ɗan tsaya a iska kafin ta mutu. Wannan ma ya yi ƙara, amma da wata 'yar dishewa a ƙarshe, saboda hujojin.

"Kai, kada ka fasa mini!" in ji Hajjo. "Ka ji shi, muryarsa kamar ta mai mura. Kakata ma haka ta same shi."

Martina ta yagi gefen wani shuɗin zaninta, suka ɗaura wa yaron, yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu.

Cibiyar ba ta sami lokacin komawa ba. Da bazara baƙon dauro ya shigo gari ya bi gida-gida, bai tambayi wanda yake zuwa masallaci ko wanda yake zuwa coci ba. Isaac ya tafi tun bai fara rarrafe ba. Ko hotonsa ba su da shi, don sun bari sai Kirsimeti su kai shi Kano a ɗauka. An binne shi a ɗan filin da aka ba Kiristoci a bayan gari, kusa da wani kwari, Edward ya sassaƙa gicciye na itace ya kafa. Martina ce ta kwance liyarin daga jikin yaron kafin a naɗe shi. Ta dunƙule shi a hannu, har aka dawo daga maƙabarta ba ta buɗe hannun ba.

Da zaman makoki ya watse, Edward ya naɗe liyarin a tsummansa ya kai wa Hajjo. Ya same ta a bakin murhu. Da ta ga abin da ke hannunsa sai ta mayar da hannuwanta baya.

"Ba yanzu ba, Akawu. Matan unguwa sun san a jikin wa ya kwana na ƙarshe. Ba wadda za ta yarda a ɗora wa ɗanta, ko da ba za su faɗa a gabana ba. Ka ajiye mini. Ka ji da kyau, ajiya na ba ka, ba kyauta ba. Ran da aka manta, zan aiko."

Ya ce, "To, Inna."

Daga nan tara kuɗin ya samo asali. Abin ya tsaya masa a rai cewa ta dalilin gidansa tsohuwa ta rasa kayan aikinta, sai ya ƙudura samo mata wani. Duk ranar da ba aiki ya hau keke ya nufi Kangire ko Kiyako, wani lokaci ya shiga mota har Gwaram, yana tambayar tsofaffi ko akwai mai liyari. A dā mata suna jera su a sarƙa, wasu suna binnewa a tulu. Wanda ba shi da liyari sai ya fito masa da sule ko fataka, shi kuma ya ji kunyar komawa hannu wofi, ya saya. Da ya sami liyarin farko, mai kyau, fuska raɗau, ya kai wa Hajjo da murna. Ta shafa bakin liyarin da babban yatsa ta miƙo masa.

"Wannan ai wuƙa ce. So kake in yanka 'ya'yan mutane? Bai san ciki ba."

Ya kawo wani, ya kawo wani, duk haka. A ƙarshe ta koma ɗaura wa jarirai babban maɓalli na tsohuwar kwat, shi kuma ya wayi gari da kuɗin azurfa cike da gwangwani. Ya aika aka sayo masa littafi a kan tsofaffin kuɗi, ya karance shi kamar mai shirin jarrabawa. Ya koyi auna su, ya koyi raba na gaske da na jabu da kunne kawai. Ya gane cewa masu tara irin waɗannan kuɗi a birane fuska suke saye: in hoto ya goge, ko an huda, ko an goge baƙin tsufa da toka, daraja ta faɗi. A littafin nan ne kuma ya ga abin da ya ba shi mamaki, cewa kowane liyari shekara ɗaya ce a jikinsa, 1780, ko da an buga shi bayan nan da shekaru masu yawa. Ya ɗan ji ba daɗi, don ya daɗe yana tsammanin na Hajjo tsohon gaske ne. Daga baya ya ga alheri ne. Abin da ba shi da daraja ba mai sa masa ido.

Shekaru suka yi ta tafiya. Suka sami 'ya mace, Prisca, ta girma ta yi aure a Jos. Gara ta cinye gicciyen itacen, ya kafa wani, ta cinye. Wata damina mai ƙarfi kwarin ya ci gaɓarsa ya tafi da gefen maƙabartar gaba ɗaya. Edward da Martina suka je suka tsaya a bakin ramin, suna nuna wuri da yatsa, wannan ya ce nan ne, wannan ta ce a'a, can ne. Tun daga ranar, duk abin da ya rage na Isaac a duniya shi ne liyarin nan da tsummansa.

Hajjo ba ta aiko ba. Ta tsufa, ta makance, 'yarta ta zo ta mayar da ita Maruta, can ta rasu. Edward ya je gaisuwa ya zauna a tabarma da maza. Liyarin yana aljihunsa ranar, ya yi ta shafa shi ta cikin yadi. Ya ce wa kansa ai ta ce za ta aiko, ba ta ce ya kawo ba. Ya dawo da shi gida. Da Martina ta kwanta ciwonta na ƙarshe, ba ta nemi komai daga akwatin ba sai shi. Yana sa mata a tafin hannu, ta rufe kamar yadda ta rufe ranar jana'iza.

Bayan ya yi ritaya sai ƙofar gidansa ta zama wurin kawo tsofaffin kuɗi. Yana da wani faffaɗan dutse a gindin darbejiya, a kansa yake gwadawa. Ba ya karɓar ko kwabo don ya duba, kuma ba ya ƙara wa abu ko rage masa. A 'yan shekarun nan, da wayar hannu ta cika gari, aka yi ta yaɗa labarin wai tsohon kuɗi guda yana sayen mota. Samari suka riƙa zuwa da kwabo mai huda da anini, ido ya yi jajir don kwaɗayi, shi kuma ya yi musu bayani dalla-dalla har su gaji su tafi. Yana jin daɗin bayanin. Shi ne kaɗai abin da ya rage da ake zuwa nema a wurinsa.

Ana gab da faɗuwar damina, wata rana da safe, babur ya tsaya a ƙofar gidan. Wani matashi ne ya ɗauko matarsa da goyo a bayanta. Matar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"Baba Akawu, ba ka san ni ba. Sunana Munawwara, jikar Inna Hajjo ce ni, daga Maruta. Wannan maigidana ne, Jafaru."

Ya dube ta. Hancin Hajjo ne, da goshinta. Ta kwance goyon. Ta ɗaga wa jaririn riga. Cibiya ta turo kamar ƙwan zabo.

"Kafin Inna ta rasu ta gaya wa mahaifiyata akwai liyarin cibiya a wurin Akawu na Birnin Kudu, ajiya ce. Ta ce duk ran da jininta ya bukata a zo a karɓa. Ga Khuzaima, ka gan shi."

Ashe an manta ɗin. Ashe ta aiko.

Ya shiga ɗaki ya daɗe a gaban akwatin. Daga hawan sama ya ɗauki liyarin da ya fi kowane kyau, wanda wani dillali daga Kano ya taɓa yi masa naci a kansa, ya fito da shi.

"Ga wannan, 'yata. Ya fi wancan nesa ba kusa ba. Na ba ki kyauta, ke da zuriyarki."

Munawwara ta juya shi a hannu, ta yi murmushin jin kunya. "Baba, ka yi haƙuri. An ce mini mai huda biyu ne, mai sulɓi. Wai in an sake shi a dutse muryarsa kamar ta mai mura."

Ya karɓi liyarin daga hannunta. Ya koma ya jawo hawan ƙasa. Da ya fito ya warware shuɗin tsumman a hankali, ya saki liyarin a kan dutsen gindin darbejiya. Ƙarar ta tashi, ta dishe a ƙarshe. Munawwara ta tafa hannu. "Wallahi shi ne!"

Jafaru ya tsuguna ya ɗauka, ya karkata shi a rana, yana bin lambobin da suka rage a gefen tsuntsu. "Dubu ɗaya da ɗari bakwai da tamanin! Kai! Baba, wannan ai ya girmi kakan kakana. Ba irinsa ne ake cewa a waya yana sayen mota ba?"

Baba Akawu ya ga yadda idon Jafaru ya yi haske. Ya ga ba abin da zai tsare liyarin nan sai a rage masa daraja a idon Jafaru, kuma ba sai ya yi ƙarya ba, gaskiya ma ta isa.

"Zauna in gaya maka, ɗana. Duk liyarin duniya shekarar nan ce a jikinsa, har wanda aka buga zamanin ubana. Masu tarawa kuma fuska suke saye. Dubi wannan, ina fuskar? Ga huda har biyu. In ka kai shi Kano dariya za a yi maka. Ba mai ko kallonsa sai maƙeran azurfa, su da nauyi kawai suke saye su narka."

"Au, to," in ji Jafaru, ya miƙa wa matarsa, haske ya bar idonsa. "Ni da har na fara zaɓen launin motar."

Suka yi dariya, har da Baba Akawu. Ya ji ya yi dabara. Da kansa ya nuna wa Munawwara yadda ake kifa fuskar a kan fata, da yadda ake zura tsumma. Da za su tafi ya bi su har bakin babur.

"In cibiya ta koma, ku dawo mini da shi in ci gaba da ajiyewa. Na saba da shi."

"In sha Allahu, Baba," in ji Munawwara.

Bai gaya musu dalili ba. Mutum ne da aka koya wa cewa ba a shanya baƙin ciki a gaban baƙi.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Duk ƙarar babur da ya ji sai ya ɗaga kai. Prisca ta kira daga Jos ta ce muryarsa ta canja, ko ba shi da lafiya, ya ce lafiyarsa ƙalau. Da gero ya kai gwiwa ya kasa haƙuri. Ya sa rigarsa mai guga ya shiga motar Gwaram, daga can ya hau acaɓa zuwa Maruta, yana tambaya har aka nuna masa gidan.

Munawwara ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta kawo Khuzaima. Yaron ya yi ɓul-ɓul, cibiya ta koma ciki lafiya lau. Baba Akawu ya yi masa wasa, ya sa albarka, sannan ya tambayi liyarin. Ta sunkuyar da kai, ta ce bari a kira maigidan daga gona.

Jafaru ya shigo da taɓo har ƙauri, ya jingine fartanya ya gaishe shi da kyau. Bai yi kwana-kwana ba.

"Baba, wallahi ba raini ba ne. Cibiya ta koma tun tuni. Ma'aikaciyar asibiti ma da ta gani faɗa ta yi mana, ta ce mu cire, irin wannan da kanta take komawa. Ga gero ya fara rawaya yana neman taki, ga abu kwance a ƙasan akwati. Kai da bakinka ka ce ba mai kallonsa sai maƙera. To, wurin maƙeran na kai."

"Na ce a dawo mini da shi."

"Ka ce, Baba. Amma ai ajiya ce. Mai ajiya ta karɓi abinta, gadon kakarta ne. Da izininta na kai."

Baba Akawu ya dubi Jafaru. Ya bi maganar yaron daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda yake bin lissafin kanta a dā, bai sami kuskure ko ɗaya ba. Har maganar ma'aikaciyar asibiti tasa ce, shi ya fara faɗa wa Hajjo ita a tsakar gidansa yana goge keke. Ta ƙofar zaure yana hango geron, kore shar, ya sha taki.

Munawwara ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da wani abu a hannu. Shuɗin tsumman ne, an ninke shi. Ta miƙa masa.

"Na ga tsohon tsumma ne, amma na ga yadda ka warware shi ran nan, sai na kasa yarwa. Baba, na wane ne?"

"Na wani yaro ne, Isiyaku. Kakarki ta san shi."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi ɗanta, ta kai gefen mayafi bakinta. Jafaru ya miƙe tsaye. Ya ce bari ya wanke ƙafa ya kai shi wurin maƙerin, ko Allah zai sa ba a taɓa shi ba tukuna.

Maƙerin, Malam Sabo, yana da rumfa a kasuwar Gwaram, da 'yar wutarsa da ɗan kaskon narki da sikeli. Mutum ne mai fara'a. Ya tuna liyarin sarai.

"Mai huda biyun nan? Kai, azurfa ce mai kyau, Baba, irin ta dā. Ran da aka kawo na zuba shi a kasko."

"Shi kaɗai ka narka?"

"Ina! Ana hura wuta don abu ɗaya? Na haɗa shi da karyayyun mundaye da 'yan kunne marasa 'yan'uwa. Ga abin da ya fito." Ya turo faranti cike da zobba, farare tas, duk iri ɗaya. "Wasu ma sun tafi, wani ya saya wa amarya, wasu 'yan Bauchi sun ɗiba."

Baba Akawu ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ɗauki zobe ɗaya ya sake shi a kan uwar maƙera, ya karkata kunne. Zoben ya ce tak, ya gangara. Ya ɗauki wani. Tak. Ya ɗauki wani. Mutanen rumfar kusa suka fara leƙowa. Shi da yake raba sulen gaske da na jabu ido rufe, ya bi farantin nan duka, bai ji ko alamar dishewar ba.

"Baba, zobe ba ya waƙa," in ji Malam Sabo yana dariya. "Zaɓi wanda ya yi maka, in rage maka. Ko amarya za a yi ne ba a gaya mana ba?"

Jafaru ya yi wa maƙerin alama da ido ya yi shiru. Baba Akawu ya mayar da zobban cikin faranti ɗaya bayan ɗaya, ya jera su daidai, ya miƙe ya kaɗe wandonsa. Bai sayi ko ɗaya ba. Suna barin rumfar, maƙerin ya ɗaga murya a bayansu.

"An ce kana da irinsu cike da akwati a Birnin Kudu. Duk ran da ka gaji da su kawo, ina saye da nauyi!"

Da ya isa gida rana ta yi sanyi. Ya jawo hawan ƙasa na akwatin, ya warware tsumman a kan gwiwarsa. A tsakiyarsa, inda liyarin ya kwanta shekara da shekaru, akwai wani baƙin zagaye da azurfa ta bari, da ɗigo biyu masu haske a gefe, wurin hujojin. Ya ninke shi yadda zagayen zai dubi sama, ya sa a gurbin.

Har yanzu ana kawo masa tsofaffin kuɗi, amma ya sa an ɗauke dutsen daga gindin darbejiya. Kwanan baya wata tsohuwa daga Kiyako ta zo da fataka ƙulle a haɓar zani, ta ce ta uwarta ce, jikokinta sun dame ta a zo a ji abin da za ta yi a kasuwa. Tun daga nesa ya gane ta azurfa ce, ta farkon bugu, fuska ba ta goge ba. Bai karɓa ba. Ya kama yatsun tsohuwar ya rufe su a kanta.

"Ban sani ba, Inna. Ido ya tafi, kunne ma ya bi shi. Mayar da ita inda take, kada ki tambayi kowa."